Tayil Mai Kamar Ƙasa

Jama'ar shafin nan, masu karantawa su tanka da masu karantawa su wuce kamar ba su gani ba, duk ina gaishe ku. Salim ne naku, mai shagon tayil na hanyar tashar jirgi a Kaura Namoda. Ku kwantar da hankalinku, yau ba talla na zo ba. Labarin kawuna na kawo muku. Wanda ya san shi ya yi shiru, wanda bai san shi ba ya gode wa Allah.

Sunansa Alhaji Sodangi, ƙanen mahaifiyata. Wanda ya laƙaba masa sunan nan bai jira ya ga halinsa ba. Lokacin da muke ƙarƙashin Sakkwato ɗan kamasho ne a tasha, yana ihun Shinkafi saura mutum ɗaya, alhali ba kowa a motar sai direba. Da aka yanke Zamfara ya bi wasu manya Gusau, ya dawo da jaka a hammata, wai shi ɗan kwangila. Kwalbatocin da ya gina tsakanin nan da Zurmi duk masu ladabi ne, ruwan farko na zuwa sai su ba shi hanya, su bi shi a baya. Da aka ƙaddamar da Shari'a kuwa, gemu ya fito, wando ya ɗage, carbi ya hau madubin mota. Tun daga ranar ba ya buɗe baki sai ya ce, "Mu da munka tsaya anka kawo Shari'a." Na tambayi waɗanda suka je Gusau ranar. Sun ce gaskiya ne, a tsaye suka gan shi, bayan teburin sayar da huluna.

Uwarsu ita ce kakata Inno, tana Sakajiki a ɗakinta na ƙasa. Ni nake ce mata matata, ita tana ce min angon banza, wai tun da ta aure ni ko goro ban taɓa kai mata mai kyau ba. Bara ciwon fata ya kama ta, hannu da ƙafa duk suka tsattsage, ruwa ya taɓa sai jini. Likita a nan Kaura ya ce ta nisanci ruwa sai dole, kuma a riƙa kawo ta ana duba ta akai-akai. Don haka ta koma taimama. A gefen gadonta akwai wani wuri a bango da take dafawa in lokacin salla ya yi, har ya yi sumul, ya ɗan lotsa daidai tafin hannunta. Ko ido rufe hannunta ya san hanya.

Wahalar ita ce hanyar Sakajiki. In damina ta sauka, kafin a fito da tsohuwa a kai ta asibiti ta galabaita. Mama, wato mahaifiyata, ita ce babba a ɗakinsu, ta daɗe tana roƙon Kawu ya dawo da Inno Kaura kusa da likita. Kullum amsarsa ɗaya, ana nan ana shiri.

Shirin bai tashi ba sai da labari ya zo daga Zurmi. Wani abokin hamayyarsa a kwangila, Alhaji Jatau, ya gina wa tsohuwarsa ɗaki da tayil, har liman ya yaba masa a wurin ɗaurin aure. A wurin kuma wani ya ce, ai wasu masu gemu uwarsu na can ƙauye rufi na yoyo. Kawu na zaune a sahun gaba. Washegari son uwa ya sauko masa gaba ɗaya kamar zazzaɓi. Dama yana ƙarasa sabon gida a hanyar Shinkafi, sai ya ware ɗaki, ya ce na Inno ne, kuma ranar walimar buɗe gida kowa zai shiga ya gani da idonsa.

Ya zo shagona, Mama na biye da shi. Na jera masa kaya a ƙasa.

"Kawu, ga mai sheƙi, wannan na bango ne, tsumma kawai za a sa ya koma sabo. Ga mai kaushi, na daɓe ne, ko an zubar da ruwa ba ya kayar da mutum. Ga mai zanen katako. Ga mai kamar marmara, shi ya fi kauri."

Bai kalli ko ɗaya ba. Ya ce, "Wanne Jatau yas sa?"

"Ban je ba, Kawu, amma na ji an ce fari ne."

"To ka ba ni wanda in an aje shi kusa da na Jatau, na Jatau zai ji kunya."

Ya ɗauki mai sheƙin ya kanga a fuska. Ya ga gemunsa a ciki, ya shafa, ya juya hagu, ya juya dama. Nan ciniki ya ƙare. Ba tayil ya zaɓa ba, mutumin da ke ciki ya zaɓa. Ya ce a manna shi tun daga ƙasa har silin, bango huɗu, a kuma shimfiɗa shi a daɓe. Na ce, "Kawu, na daɓe dai a sa mai kaushi. In Inno ta zame ta karye, Alhaji Jatau ne zai fara zuwa dubiya." Nan take ya yarda. Ba ƙugun Inno ya tuna ba, fuskar Jatau ya tuna.

Sai Mama ta ce, "Sodangi, na ji an ce tsakar gidan ma duk bulon intalok za ka shimfiɗa. Ka bar mata ɗan wuri a ƙofar ɗaki, ko kamar faɗin tabarma, ba daɓe. Ka san taimama takai."

"Yaya, ke hwa jikinki na Kaura, kanki na Sakajiki. Gida kamar wanga a bar mai tabo a tsakiya?" Ya juyo kaina. "Kai, da mi aka yin tayil?"

"Yumɓu ne, Kawu. A gasa shi, a shafa masa gilashi a sama."

"Kin ji ko? Yumɓu. Ƙasa ce wagga, ƙasa ce da ta je Turai ta waye. Ta dahwa abinta ta yi salla."

Mama ta kalle ni. Na ɗaga kafaɗa. Ni mai shago ne, an tambaye ni da me ake yi, na faɗa. Fatawar kuwa daga bakin wanda ya tsaya aka kawo Shari'a ta fito.

Rufa'i mai manna tayil ya yi aikinsa, ɗaki ya fito kamar cikin sabon kwanon sha. Aka je Sakajiki aka ɗauko Inno da akwatinta da buzunta na salla. Ni na riƙe mata hannu muka shiga. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana ƙifta ido, don ganinta ya yi rauni, inuwa take gani fiye da mutum. Ta juya nan, wata tsohuwa ta juya. Ta juya can, wata ta juya.

"Angon banza, su wa ye waɗanga tsohin? Anka ce man ɗakina ni ɗai."

"Ke ce, matata. Kawu ya ga ke ɗaya ba ki ishe ni ba, ya ƙaro min uku."

Ta kai min duka da sanda, ta yi dariya. Ita ce dariyarta ta ƙarshe a gidan.

Da aka kira azahar ta zauna a bakin gado, ta miƙa hannu bango kamar yadda ta saba. Hannun ya sulale ƙasa. Ta sake dafawa, ya sake sulalewa. Ta kai tafin hancinta ta shinshina.

"Sodangi, ina ƙasa?"

Kawu ya gyara tsayuwa ya karanto mata karatun da ya yi a shagona, na yumɓun da ya je Turai. Ta bari ya kai aya.

"Tukunyata ta ruwa ma yumɓu ce anka gasa. Tun da kake, ka taɓa ganin mai taimama da tukunya?"

Ya ce zamani ya canza. Ta ce ba ta ji an canza salla ba. Ya duba agogo ya ce ana jiransa a Gusau.

Maganin abin ai ko ɗan yaye ya san shi. Mama ta ɗebo ƙasa mai tsabta a faranti ta ajiye mata a gefen gado. Kwana kaɗan Kawu ya shigo da wani baƙo yana nuna masa ɗaki, ya taka wani abu ya ji ƙaras. Ya durƙusa, mutumin da ban taɓa ganin ya durƙusa gaida uwarsa ba, ya bi daɓen da yatsa, ya gano ɗan ƙarce kamar gashin gira. Aka fitar da faranti. Wai yashi na cin tayil, kuma baƙi za su ce an ajiye wa mage wurin kashi.

Mama ba ta yi fushi ba. Ta aika gulbin Gagare aka samo dutse mai faɗi, aka wanke shi. Dutse dai ba ya zuba, ba ya ƙarce kowa. Kawu ya gan shi a kan tabarma kusa da buzun salla, ya ja da baya kamar ya ga kububuwa.

"Yaya, kina so ki kashe ni? Tsohuwa da dutse gaban abin salla, a gidana? A wanga zamani? In wani ya gani yac ce tsahi mukai, ina zan sa gemuna?"

Mama ta ce, "Duk majinyacin da ke garin nan da dutse yake taimama, Sodangi."

"Su ba su da suna. Ni ina da suna."

Dutse ya bi faranti.

Daga nan muka koma fasa-ƙwauri. Ku dai kun san yadda garin nan yake tun da aka hana giya, masu sha a jarkar manja suke ɓoye ta. To mu ƙasa muke ɓoyewa. In zan je gaida Inno sai in ɗebi ƙasa a bayan gidanmu in ƙulla a leda, in sa a aljihun wando, in wuce maigadi ina fito. Ita kuma ta shimfiɗa tsohon ɗankwali, ta zazzage, ta yi taimamarta, ta ƙulle ta tura ƙarƙashin matashi. Tsohuwa mai jikoki da tattaɓa-kunne tana ɓoye ƙasa a gidan ɗanta kamar ɓarauniya, don ta yi salla.

Ƙasa kuwa ba ta iya ɓuya a farin ɗaki. Ta shiga layin da ke tsakanin tayil ta zauna, farin layi ya koma ja. Kawu ya gani. Ya sa aka ɗaga katifa, aka kwashe ƙullin, aka wanke ɗaki da omo, aka ce wa maigadi in na zo ya lalube ni. Ran nan Inno ta kira Mama. Ba ta faɗin sunanta, 'yar fari ce, sai ta ce, "Uwar wanga yaro, ki ce a maishe ni gida. Ciwon hannu bai kai wanga ba."

Mama ta fito tana share ido da bakin mayafi. Ta san in Inno ta koma Sakajiki ga damina ta kawo kai, zuwa asibiti ya ƙare, hannun da ya fara kamewa zai koma ɗanye.

Shi ma Kawu hankalinsa ya tashi, amma nasa dalilin daban. Walima ta matso, an gayyaci malamai, an gayyaci Jatau da gangan. Ɗakin uwa ba uwa a ciki, me za a nuna? Sai ga shi a shagona da rana tsaka, ya rufo ƙofa, ya rage murya.

"Kai, kana da mai kamar ƙasa?"

"Kamar ƙasa yaya, Kawu?"

"Ja-ja haka, mai kaushi, wanda in ka gani ka ce bangon ƙauye ne."

Ina da shi kuwa. Irin wanda ake mannawa a jikin katanga ta waje ne, launin jar ƙasa, da gurza-gurza a fuska. Na ciro masa. Ya shafa, idonsa ya yi haske kamar ya ci sabuwar kwangila.

"Shi ke nan. A cire na gefen gadonta a sa wanga. Idonta ba shi gani sosai."

"Idonta ne ba ya gani, Kawu. Hannunta garau yake."

"Kai dai kawo. Ku yaran yanzu ba ku san dabara ba. Ita ta samu bangonta, ni ɗakina ba datti, kowa ya huta."

Na ba shi. Na kuma rufe shago na bi bayansa, don irin wannan kallo ba na yarda a ba ni labari.

Aka fitar da Inno falo wai za a gyara wuta. Rufa'i ya ɓamɓare farare a gefen gado, ya manna jajaye, ya cike layin da siminti mai launi har ba ka ganin mahaɗa. Kawu na tsaye a kansa yana ba da umarni, wai a ɗan karkata ɗaya don bangon ƙauye ba ya miƙewa sak. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya tsaya a kan aiki haka ba. Da kwalbatocinsa sun samu rabin wannan kulawa, da mutanen Zurmi sun huta.

Da ya bushe aka dawo da ita. Kawu ya yi murmushi har kunne.

"Inno, kukanki ya ƙare. Na sa an yi maki bangon ƙasa, irin na gida. Ga shi nan inda kika so."

Ta zauna a bakin gado. Ta miƙa hannu a hankali ta dafa. Ta daɗe hannun na wurin. Ta bi shi da yatsu sama da ƙasa. Sannan ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa, ya ce ƙwal, kamar faranti.

"Angona, ɗauko butar can ka ɗan yayyahwa mai ruwa."

Na yayyafa. Ruwan ya gangaro ya sauka daɓe bai bar ko tabo ba. Ta matso da hanci, tana neman ƙamshin nan da bangon ƙasa ke yi in ruwa ya taɓa shi. Ba komai sai warin sabon siminti.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Sodangi, ni tsohuwa ce, idona ya tahi, ruɗa ni ba wuya. Da na yi shiru ma, da ka ci nasara. To Wanda nika yi ma sallar hwa? Shi ma ka zaɓo mai nashi a shagon?"

Rufa'i ya tattara kayansa ya sulale ko sallama babu. Kawu ya ciro waya ya kanga a kunne yana cewa na'am, ranka ya daɗe, gani nan. Ina kusa da shi, wayar ko haske ba ta yi ba.

Na ɗauka daga nan zai saduda ya ce a dawo da faranti. Ina. Cewa ya yi a lallaɓa ta har a gama walima, bayan nan a ga abin da za a yi. Mama ta karɓi aikin shigo da ƙasa a ƙullin zani, don maigadi ba ya iya lalube ta. Ranar walima da safe Kawu da kansa ya shiga ya bincike ɗakin, ya kwashe komai, ya sa aka fesa turare, aka ɗaura wa Inno sabon leshi aka zaunar da ita a tsakiyar gado kamar kayan lefe. Baƙi suna shiga rukuni-rukuni, su gaishe ta, su kalli bango, su ce masha Allah. Kawu na bakin ƙofa yana karɓar addu'a da hannu biyu.

An kafa rumfuna a ƙofar gida har bakin titi. Malamai a gaba, 'yan kwangila a baya, Alhaji Jatau a kujerar da Kawu ya zaɓa masa da kansa, inda zai fi ganin gidan da kyau. Ana cikin cin shinkafa aka kira la'asar. Mutane suka fara neman buta.

Sai ƙaramar ƙofar get ta buɗe. Inno ce, da leshinta, da sandarta, buzu a hammata. Ta ratsa tsakiyar rumfa tana taka intalok a hankali tana buga sanda, ƙwas, ƙwas, tana saurare. Ta wuce malamai, ta wuce masu rabon abinci. Inda intalok ɗin Kawu ya ƙare, gindin wata darbejiya a gefen titi, sandar ta daina ƙara. Ta tsaya, ta share wurin da gefen hannu, ta zauna, ta yi bisimilla ta buga tafukanta a ƙasa.

Cokula suka tsaya. Motar Shinkafi da ke wucewa har rage gudu ta yi.

Aka bar ta ta idar da salla, don ba mai katse mai salla, ko Kawu da ke tsaye gumi na bin gemunsa. Tana sallamewa Alhaji Jatau ya riga kowa isa, ya cire takalmi ya tsuguna.

"Inno, lahiya, salla a bakin hanya ga gida?"

"Lahiya lau, ɗana. Likita ya hana ni ruwa, gidan Sodangi ko ba ƙasa. Wagga ta gwamnati ce, ba shi da ikon hana ni."

Kawu ya iso yana dariyar da ba ta da gindi. "Tsuhwa ne, jama'a, rikicin tsuhwa ne. Na yi mata bayani, tayil ai yumɓu ne, malam ga ka nan, ai ƙasa ce..."

Malamin da ya kira shaida ya kalle shi, ya kalli gemun, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da warware hannun rigarsa. 

Jatau ya ce, "Ikon Allah. Ai tawa tsohuwar ma ba ta taɓa ruwan sanyi. Dutse munka aje mata da ɗan tire na ƙasa a gehen gado. In ta zube a share. Mi ne abin wahala, Alhaji?"

Ku ji fa. Mutumin da Kawu ya yi duk wannan hauka don ya fi shi, ashe tire ne a ɗakin uwarsa.

Kawu ya tsuguna, karo na biyu a tarihi, yana magana ƙasa-ƙasa. "Inno, tashi mu shiga, mutane na kallo."

"Su kalla. Ba don kallo ka kawo ni ba?" Ta juya wajen Mama da ta fito da gudu ba ko takalmi. "A samo man mota. Sakajiki za ni."

Mama ta durƙusa a gabanta tana roƙo, tana tuna mata hannunta, da hanya, da damina. Inno ta kafe. Na ga in aka bar su haka tsohuwar nan tafiya za ta yi, sai na kutsa na zauna a ƙasa kusa da ita.

"Matata, yaji za ki yi ki bar ni da kishin Sakajiki? Ga gidanmu nan cikin gari. Bangon ƙasa har ya yi mana yawa, kowace damina sai mun ba maƙwabta wani. Asibiti kuwa ko da rarrafe kya je."

"Rufe man baki. Ina da ɗa namiji a gari in tare gidan suruki? Mi za a ce?"

"Surukin naki ai Allah ya yi masa rasuwa tun ina firamare. Gidan yanzu nawa ne. Ɗakin mijinki za ki tare, wa ya isa ya yi magana?"

Ta murza ƙasa a yatsu. Can ta ce, "Bangon naku, na gaske ne ko daga shagonka?"

"Ki zo da butarki ki gwada."

Sai da ta ɗan murmusa. Kafin Kawu ya buɗe baki Jatau ya riga ya ɗaga wa direbansa hannu. A motar Jatau, a ranar walimar Kawu, a gaban malaman da Kawu ya gayyato, aka ɗauki uwar Kawu aka kai ta gidan ƙasa. Na zauna a gaba na sauke gilashi, na ɗaga wa Kawu hannu don ladabi.

Yanzu tana wurinmu. Likita na ganinta a kan lokaci, tsagar hannun ta fara rufewa. A gefen gadonta bangonmu ya fara yin sumul a wuri ɗaya, daidai tafin hannu. Masu zuwa gaishe ta sai sun sunkuya a ƙofar zaurenmu, ciki har da Jatau, wanda ya mayar da abin kamar aikin lada, duk zuwansa Kaura sai ya biyo, kuma sai ya ajiye motarsa inda za a gani. Shi ma ba na ce muku waliyyi ba ne.

Kawu kuwa ya aiko tifa guda ta jar ƙasa aka juye a tsakar gidansa, a kan intalok, tsibi har ya kusa kai taga. Ya aiko a gaya wa Inno ga ƙasa nan ta ishe ta har jikokinta, ta dawo don mutane na zaginsa a gari. Da bai ji amsa ba ya zo da kansa, ya tsaya a zaure, ya ce ai ya ji hannun ya kusa warkewa, in ta koma alwala da ruwa maganar ƙasa ta wuce, sai ta dawo ɗakinta a rufe bakin mutane.

Inno ta saurare shi har ya gama ya tafi. Sannan ta ce min, "Ka ji shi ko? Har yau shi yana tsammanin maganar ƙasa akai."

Mama dai ta fara sanyi. Tana cewa ɗan'uwanta ne, ya ji kunya ya isa haka, kuma can akwai fanka da janareto, nan sai mafici. Inno ta ce tana tunani, kuma tunanin nata ba ya sauri. Ni an ce in daina sa baki, wai ni na sayar da tayil ɗin tun farko.

To na daina, na kawo muku. In ke ce Inno, ko in kai ne, ga tifar ƙasa an juye, ga fanka, ga ɗa yana roƙo don a daina zaginsa, za ku tattara buzu ku koma, ko za ku zauna inda bango ke shan ruwa?